Kamfanin da ke kula da bolar unguwarmu: hayaƙi ya ragu, amma da saura

Masu tambaya ko kamfanin da ƙungiyar unguwa ta ɗauko ya kula mana da bolar bayan kasuwa ya cancanci kuɗin da muke haɗawa duk wata, ni dai a wajena ya cancanta, sai dai ba ɗari bisa ɗari ba.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen sun san halin wutar bola. Shara in ta yi tudu, ragowar abinci da ganye da kashin awaki suna ruɓewa a ciki suna fitar da gas ɗin nan mitan mai saurin kamawa, ga zafi a can ƙasa, to da wani ya juye toka mai garwashi ko ya wurga guntun sigari shikenan, kuma wutar ta ƙasa take bi tana ci a hankali, daga sama ka rantse ta mutu. Shi ya sa 'yan kwana-kwana za su zo su juye tanka guda, kwana biyu hayaƙi ya dawo. Mutanen Legas sun ɗanɗana a babbar bolar Olusosun ta Ojota a watan Maris 2018, hayaƙi kwana da kwanaki har gwamnan jihar na lokacin, Ambode, ya sa aka rufe wurin.

Su mutanen kamfanin nan ba ruwa suka dogara da shi ba, ƙasa ce makaminsu. Katafila ta baje sharar ta danne ta sosai, tifa ta zuba jar ƙasa a kai yadda iska ba za ta shiga ba, kuma sun ajiye tulin ƙasa a gefe ko da ta kwana. Hunturun bana da duk iskar nan tasa ban ga an rufe tagogi saboda warin ƙonanniyar leda ba, masu asma na layinmu su za su ba da labari.

Amma wallahi gwarzon aikin wani dattijo ne da suka ajiye a bakin shiga. Duk yaron da ya zo da bokitin toka daga wajen mai shayi ko mai tsire sai ya ɗora bayan hannunsa a kai, in ya ji ɗumi ya ce "yaro, wannan tokar da ranta, kai ta can a yayyafa mata ruwa". Batirin waya da gwangwanin maganin sauro ma daban yake ware su. 'Yan bola jari masu ƙona waya don cire jan ƙarfe kuwa sun sha faɗa da shi, yanzu sai dai su ɗauka su tafi da ita.

To ga inda suka gaza. Dattijon nan magariba na yi ya tafi, babu mai gadin dare, alhali da daddare ake satar zuwa zubar da komai. Katafilar ma ba ta da rana tsayayya, kullum maganar tsadar dizal, bayan babbar sallah haka kayan ciki da ƙasusuwa suka yi ta zama a buɗe, ka kira lambarsu ta yi ta ringin babu mai ɗagawa. Yaran aikinsu ko takunkumi da safar hannu babu, wannan kam bai dace ba sam.

Duk unguwar da za ta ɗauki irinsu, a rubuta ranakun zuwan katafila da gadin dare a takarda, mai unguwa ya sa hannu, kafin a ba da ko sisi.