Hattara da dillalin da ke karɓar kuɗin gwajin ƙwallo a Turkiyya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don abin kunya ne a gidanmu. Amma shekaranjiya na ji mutumin ya koma wani filin unguwa yana rubuta sunayen yara, sai na ga shirun ya zama laifi.

Ɗan yayata abin ya faɗa wa. Shekararsa 19, ɗan wasan tsakiya ne, bahago, duk wanda ya gan shi a fili ya san Allah Ya yi masa baiwa. Wata rana bayan la'asar wani mutum ya zo kallon atisayensu, da baƙin tabarau da babbar waya, ya ja shi gefe ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, yana da hanya a Turkiyya. Kwana uku a tsakani sai ga shi a zauren gidan, yana durƙuso yana Hajiya kaza, Hajiya kaza.

Da sunan ɗan ƙwallon Najeriya Shehu Abdullahi ya ja ra'ayin yaron, alhali Shehu bai san da wanzuwarsa ba. Ya riƙa lissafo masa ƙasashe da yatsu: Kuwait, Fotugal, Saifurus, Turkiyya, Bulgeriya. Gaskiya ne, Shehu ya buga wa Qadsia, da União da Madeira, da Anorthosis, da Bursaspor, da Omonia, da Levski Sofia, ga tagullar Olamfik ta 2016 a wuyansa. Abin da maƙaryacin ya ɓoye shi ne, kafin Shehu ya taka jirgi ya riga ya yi suna a Kano Pillars, ya buga wa Najeriya gasar CHAN ta ƙasashen Afirka, wadda 'yan wasan cikin gida kaɗai ke bugawa, a 2014. Haka Ahmed Musa, sai da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar cikin gida kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Kulob ne ke ganin ɗan wasa ya nema, kuma kulob ɗin ne ke sa hannu a aljihu.

Namu kuwa mu aka ce mu biya. Kuɗin fom, kuɗin biza, kuɗin tikiti, da wani wai kuɗin inshora. Ya nuna mana takardar gayyata a waya, da tambarin kulob raɗau a samanta. Ni da nake taƙama da boko na duba na ga adireshin imel ɗin na Gmail ne, raina ya ɗan sosu, amma na yi shiru don kada a ce Kawu ne ke yi wa yaro baƙin ciki. Yaya ta sayar da filinta na gado, ta haɗa da sarƙar gwal ɗinta.

Bizar yawon buɗe ido aka yi wa yaron. Ya sauka Istanbul, aka kai shi wani ƙaramin otal da aka biya wa kwana uku, aka ce gobe mota za ta zo. Ya wanke takalmansa ya jera a bakin taga. Mota ba ta zo ba. A rana ta uku lambar dillalin ta daina shiga. Da ya lallaɓa har ƙofar kulob ɗin ya nuna takardar, maigadi ya kira wani ma'aikaci, ya duba ya girgiza kai, ya ce ba su san da ita ba. Daren nan ya kira ni, muryarsa na rawa: "Kawu, don Allah kada ka gaya wa Umma tukuna."

Wata biyar ya yi a can, su takwas a ɗaki ɗaya da 'yan Ghana da Kamaru, duk irin wannan ramin suka faɗa. Da rana ɗaukar kaya a shagon ɗinki, ran hutu a je filin Feriköy a buga, ko Allah zai sa wani mai neman 'yan wasa ya leƙo. Sai da dangi suka yi karo-karo muka biya tikiti da tarar wuce wa'adin biza.

Bayan da ruwa ya ƙare wa ɗan kada na zauna na bincika. Tun 2023 FIFA ke yi wa dillalai jarrabawa kafin ta ba su lasisi, kuma sunayen masu lasisin suna shafinta, kowa na iya dubawa. Na duba, babu nasa. Ɗan wasa mai rajista ba ya komawa wata ƙasa sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta fitar masa da takardar ITC, wato shaidar sauya sheƙa zuwa wata ƙasa. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana fitar da yaron da bai kai 18 ba, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Duk da haka, a 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma zuwa kulob ɗin Champasak United a Laos.

In dillalin ya zo muku, ku nemi lambar lasisinsa, ku rubuta wa kulob ɗin da kanku ta shafinsa na asali. Da zarar ya ambaci kuɗi, ku riƙe rasit da saƙonninsa ku nufi EFCC ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Na ji yanzu ya canja layi, ya daina cewa Turkiyya, wai Dubai yake kai yara.