Wace tamosta za ka saya wa tsohuwar Land Cruiser 100?

Duk wanda ya sayi Land Cruiser 100 ko 'yar uwarta Lexus LX470 'yar Kwatano ya san shawarar farko da zai ji a gareji: "Alhaji, a cire tamosta, wannan abin ƙasar sanyi ne." Mai ba da shawarar ba mugu ba ne, zafin Afrilu yake tsoro. Amma injin 2UZ-FE da ke cikin waɗannan motoci, V8 mai lita 4.7 da Toyota ta sa musu daga 1998 zuwa 2007, da tamostarsa a ciki ake tuƙa shi a Saudiyya da Dubai da dazukan Ostareliya. Tamosta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan inji hanyar zuwa lagireto idan ya yi zafi, ba ta da hurumi a kan iyakar zafin da inji zai kai. Aikinta hana shi zama ƙasa da zafin da aka gina shi a kai. Da zarar ta buɗe gaba ɗaya ta gama nata, sauran aiki na lagireto ne da fanka da famfon ruwa.

Kafin ka fitar da ko kwabo, a sa wa motar na'ura a karanta abin da ya kunna wutar cek injin. Wadda aka shigo da ita daga Amurka tana da soket ɗin OBD-II, inda ake jona na'urar, domin tun 1996 doka ta wajabta shi a can, kuma ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa ta nuna maka lambar matsala da ainihin zafin ruwa. Kada ka dogara da allurar dashbod. An ƙera ta ne ta zauna a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, sai abu ya yi nisa take motsawa.

Lambar P0128 ita ce ke nuna tamosta kai tsaye. Ma'anarta birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ya lissafa cewa ya kamata a ce ruwa ya ɗumama zuwa yanzu, ya duba ya ga bai kai wajen digiri 75 ba. Ko dai tamostar ta maƙale a buɗe, ko ta mai ƙarancin digiri ce, ko kuma babu ita sam. P0115, P0117 da P0118 na sensan zafin ruwa ne da wayoyinsa. Idan na'ura ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar Kano, waya ta tsinke ko soket ya zare. Idan ta nuna 140 alhali inji na sanyi, wayoyi sun haɗu. Lafiyayyen sensa, idan aka auna shi da mita, yana ba da kusan kilo-om 2.5 a digiri 20, ya sauka zuwa wajen 0.3 a digiri 80. Sabuwar tamosta ba za ta kashe waɗannan lambobin ba.

P0125 ce ta fi cinye kuɗin mutane. Fassararta a na'ura tana cewa zafin ruwa bai isa ba, sai kowa ya nufi tamosta. A Toyota na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 kuwa, sau da yawa sensan iskar oksijin da ke jikin salansa ne ya mutu, birenbos ya jira saƙonsa bayan inji ya ɗumama bai ji ba. Idan na'ura na nuna ruwa ya haura 80 kuma P0125 na dawowa, can za ka duba.

To, a ce tamostar ce. Ta asali daga Toyota, ko ta Aisin da ke ƙera wa Toyota kayan sanyaya inji, an buga mata 82 a jiki. Tana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, kuma a digiri 95 bakinta ya kamata ya ɗaga milimita 10 ko fiye. Juya ta ka duba gindinta: akwai wani faifan ƙarfe a kan sifirin. Wannan faifan ne dalilin da ya sa nake cewa a sayi ta asali ko da ta ninka saura kuɗi. A injin nan tamosta tana zaune ne a mashigar ruwa, inda tiyon ƙasa na lagireto ke shiga. Idan inji na sanyi, ruwa na zagaye a cikinsa ta wata gajeriyar hanya ba tare da ya je lagireto ba. Lokacin da tamosta ta buɗe, faifan ne ke matsawa ya toshe gajeriyar hanyar, ya tilasta wa ruwan duka bi ta lagireto. Ƙofa biyu take tsaro, tana buɗe ɗaya tana rufe ɗaya.

Daga nan za ka ga illar cire ta. Babu tamosta, babu faifai, gajeriyar hanya a buɗe take har abada. Da asubar hunturu a hanyar Jos ko saman Mambila, inji ba zai ɗumama ba: birenbos zai yi ta ƙara masa fetur, fulogi su yi baƙi, ɗanyen mai ya riƙa wanke bangon silinda yana sauka cikin baƙin mai, katalis mai tace hayaƙin salansa ya wahala. Da rana kuma, kana jan kaya cikin rairayi da ƙaramin giya, wani kaso na ruwan zafi na komawa inji bai ga lagireto ba. An yi asara a sanyi, an kuma rage wa motar ƙarfin sanyaya kanta a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Masu cewa sun cire kuma zafi ya daina, galibi tsohuwar ce ta maƙale a rufe, kuma sabuwa ma da ta warware musu.

Akwai mai ƙarancin digiri, irin mai digiri 71 da ake sayar wa masu tsere. Mutane na sonta saboda tana kama da sulhu tsakanin cirewa da bari. Abin da take yi shi ne buɗewa da wuri, ke nan. A go-sulo da esi a kunne, ita da mai 82 duka a buɗe suke, zafin da za a kai ɗaya ne. A buɗaɗɗiyar hanya da dare kuwa za ta riƙe injin ƙasa da inda birenbos ke so, kuma a motocin da ke sa ido a kan haka P0128 za ta riƙa leƙowa. Ban ga ribarta ba ga motar da ba a taɓa injinta ba.

Wasu makanikai na huda ƙaramin rami a gefen tamosta don iska ta fita. Ta asali ta zo da nata: ɗan ƙaramin bawul mai kaɗawa a gefen faifan sama, wanda ake saitawa ya kalli sama daidai ƙarfe goma sha biyu lokacin ɗaurawa. Idan aka ɗaura shi yana kallon ƙasa, iska ta maƙale a bayan tamosta, allura ta riƙa hawa da sauka, a ce sabuwar ba ta da kyau. Ka tsaya a kan makanike lokacin da yake sa ta, ka gani da idonka. Manyan ramuka kuwa cirewa ce da wani suna.

Marasa suna masu araha su ne caca. Wata ta zo ba faifan gindi, wata faifan bai kai inda zai toshe ba, wata an buga mata 82 amma sai ruwa ya kusa tafasa take motsi. Kwalin Toyota ma ana buga na jabu. Gwajin ba shi da wuya: ɗaure ta da zare, rataya ta cikin tukunyar ruwa ba tare da ta taɓa gindin tukunya ba, sa ma'aunin zafi, kunna wuta. Ka lura da digirin da ta fara buɗewa da yadda ta wangale kafin tafasa, sannan ka bar ta ta huce ka ga ko ta rufe ruf, ba hasken da ke wucewa. Ka jefa tsohuwar cikin tukunyar tare da ita, nan take za ka san ko ita ce mai laifi. Ka sayi sabuwar robar da ke zagaye bakinta tare, tsohuwa ba ta komawa.

Idan abin da ya kai ka kasuwa zafi ne, ba lambar P0128 ba, to raba kuɗinka. Fankar wannan inji tana da kuloci mai man silikon a tsakiya, kuma idan ya tsufa fanka na juyawa amma ba ta jan iska. Alamar ita ce zafi a tsaye da sauka idan an kama hanya. Idan a kan gudu yake hawa, lagireto ya toshe, musamman wanda ya sha ruwan rijiya shekara da shekaru. Kan lagireton roba ne, idan ya koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa. Murfinsa ma kaya ne: matsin da yake riƙewa, haɗe da kulant rabi ruwa rabi, shi ke ɗaga tafasa zuwa sama da digiri 120, don haka sayi mai lamba ɗaya da ta tsohon. Famfon ruwa bel ɗin taimin ne ke juya shi, shi ya sa ake canza su tare a wajen kilomita 145,000. Kuma tunda za a zubar da ruwan, leƙa bayan inji kusa da bangon gaban mota, akwai mahaɗan tiyon hita guda biyu na roba masu siffar T. Sun shahara da ruɓewa a waɗannan motoci, kuma idan ɗaya ya karye a daji ruwan zai tsiyaye cikin mintuna kaɗan.

Bayan an ɗaura, a cika da kulant ja ko ruwan hoda na Toyota, a kunna hita zuwa ƙarshe, a bar injin ya ɗumama har iska ta gama fita, a ƙara ruwa bayan ya huce. A goge lambar, sannan ka tuƙa kwana biyu kana fara tafiya da inji mai sanyi, saboda P0128 sai birenbos ya ga matsalar a tafiya biyu a jere yake kunna wuta. A wayarka ya kamata ka ga zafin ya haura 80 cikin 'yan mintuna, ya zauna a tamanin da wani abu a kan hanya, ya ɗan leƙa casa'in a cunkoso ya dawo idan fanka ta kama.