Asabar takwas a ajin kacici-kacicin gidan dara a Jos

Tun ina makarantar sakandare nake ganin zanen nan mai kama da gidan dara a shafukan baya na jaridun Turanci, kuma nakan cike mai sauƙin, wanda ake ba ka ma'ana ka kawo kalma. Ɗaya nau'in kuwa, wanda mutanen Ingila suke kira "cryptic crossword", ya daɗe yana gagara ta, domin ko na ga amsar washegari ba na gane hanyar da aka bi aka iso gare ta. Shi ya sa da na ji an buɗe aji na Asabar takwas a wani kantin littattafai kusa da Titin Ahmadu Bello a nan Jos, inda ake koyar da warware wasan da kuma tsara shi, ban yi wata-wata ba na biya N20,000 na sa sunana. Kuɗin ya haɗa da takardun aiki da shayi, wanda a sanyin hunturun Jos ba ƙaramin abu ba ne.

Mu goma sha ɗaya ne, akwai ɗaliban jami'a, da ma'aikatan gwamnati irina, da wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya. Mai koyarwar dattijo ne da ya shafe rayuwarsa yana koyar da Turanci, kuma kowa Malam yake ce masa. Ranar farko ta tafi a kan tarihi: cewa Arthur Wynne, haifaffen Liverpool, shi ya buga wasan farko a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, cewa a Ingila aka yi masa lulluɓi ya zama mai wuya, inda Edward Powys Mathers ya fara tsara wa jaridar Observer a 1926 da laƙabin Torquemada, sannan jaridar The Times ta shigo a 1930. Labarin yana da daɗi, amma rabin sa'a ya ishe shi, ba yini guda daga cikin takwas ba.

Daga Asabar ta biyu aka shiga aikin da ya kawo mu, kuma a nan na gane cewa kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba. Malam ya rubuta a allo cewa kowane manuni, wato jimlar da ake ba ka domin ka nemo kalma, abu biyu ne aka ɗinke: ma'anar kalmar kai tsaye, wadda kusan kullum tana farko ko ƙarshe, da kuma wasan haruffa da zai kai ka ga kalmar ta wata hanya dabam. Abin da jimlar take nunawa a zahiri riga ce kawai aka sa mata domin ta ɗauke maka hankali. Ya ce wannan ƙa'ida ta adalci ta kafu ne a hannun Derrick Macnutt, malamin makaranta da ya gaji Torquemada a 1939, wanda aka sani da laƙabin Ximenes, ya kuma rubuta ta a littafi a 1966. Yadda Malam ya saba faɗa mana shi ne, mai tsara manuni yana da izinin ya ɓatar da kai, amma ba shi da izinin ya yi maka ƙarya, kuma duk kalmar da ba ta da aiki a cikin jimlar sai an cire ta.

Hanyar koyarwarsa ita ce abin da na fi yabawa. Ba ya barin mu warware nau'in manuni sai mun tsara namu guda uku a kansa. Ranar da aka koyi hautsina haruffa, sai da kowa ya nemo kalmomi biyu masu haruffa iri ɗaya, kamar "listen" da "silent", ya kuma samo kalmar da za ta sanar da mai warwarewa cewa an hautsina, irin su karyewa, buguwa ko ruɗewa. Haka aka yi da kalmar da aka ɓoye a tsakanin kalmomi biyu, da wadda aka juya ta koma baya, da wadda aka cusa a cikin wata, da ma'ana biyu ga kalma ɗaya. Wanda ya taɓa haƙa rami ya rufe shi da ganye yakan gane ramin wani tun daga nesa, kuma zuwa Asabar ta biyar na kammala wasa cikakke mai gida 15 a tsaye 15 a kwance, ko da yake ya ci mini yamma biyu.

Inda ajin ya yi nauyi shi ne haddar gajerun alamomin da Turawa suka saba da su. An ba mu shafi huɗu: ma'aikaci yana nufin tururuwa, matuƙin jirgin ruwa yana nufin AB (gajarta muƙaminsa a Turanci), agwagwa tana nufin sifili saboda wasan kurket, "flower" ba fure ba ne kogi ne domin yana gudana ("flow"), ER kuma Sarauniya Elizabeth ce wadda ta rasu a 2022. Babu makawa sai an san su idan jaridun Landan za a warware, amma ba a shayar da su a zama ɗaya, kuma biyu daga cikin ɗaliban jami'a ba su dawo ba bayan wannan rana. Hoton takardun ma bai fita sosai ba, har wasu lambobin gidajen ba sa karantuwa, ga ƙarar janareta a bayan taga duk lokacin da aka ɗauke wuta, alhali wannan aiki ne da yake son shiru.

Babban ƙorafina shi ne an bar Hausa sai Asabar biyu na ƙarshe, kuma a nan ne ajin ya farka. Mu da muka tashi da kacici-kacici a dandali da zaurance a tsakanin yara ba baƙi ba ne ga maganar da ake faɗa ana nufin wata. Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomi masu fuska biyu sun yi mana yawa: gari na zama da gari na tuwo, fari na launi da fari na rashin ruwa, wata na sama da wata mace. Hajiya ce ta kawo manunin da ya fi na kowa. Ta rubuta: "Tsakanin kai da kafaɗa akwai wahala (4)". Lambar da ke cikin baka tana nuna adadin haruffan amsar. Mun daɗe muna karanta "kai" a matsayin mutumin da ake yi wa magana kafin wani ya ga cewa kan jiki ake nufi, kuma amsar ita ce wuya. Malam ya miƙe tsaye ya ce, "Hajiya, wannan ko a Landan ba za a gyara masa komai ba." Ta ce, "Malam, ai kakata da irin wannan take tare mu da dare."

Nawa bai tsira ba. Na rubuta "Fati ta ruɗe, ta bar wurin (4)", ina nufin fita. Malam ya nuna mini cewa haruffan Fati suna ba da tafi ma, kuma ita ma tana nufin barin wuri, saboda haka mai warwarewa zai iya bin ƙa'ida daidai ya iso wata amsa dabam, wanda rashin adalci ne gare shi. Na ji zafin gyaran domin na so manunin, amma gaskiyarsa ce. Na sake zama na kawo "Akwai birni a cikin gonar da ka nome (4)", inda Kano take kwance a tsakanin "ka" da "nome", wannan kuwa ya karɓa.

Mun kuma gano abin da babu shi a takardun Malam. Juya kalma harafi-harafi ba ya yi wa Hausa kyau, domin yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, idan an juya su sai su zama abin da ba a furtawa. Amma juya gaɓa yana aiki kamar don mu aka yi shi: gari ya zama riga, raba ya zama bara, kasa ya zama saka. Akwai kuma tambayoyin da aka taso ba a yanke ba, ko sh da ts gida ɗaya za su ci ko biyu, da ko ƙ za ta iya gittawa da k a mahaɗa ɗaya. Ni a ganina ba za ta iya ba, domin wanda ya haɗa baki da baƙi ya rusa wasan tun daga tushe. Irin wannan muhawara ta cancanci Asabar uku ko huɗu, sai ga shi an yi ta a tsaye ana haɗa jakunkuna.

Duk wanda Turancinsa ya kai ya karanta jarida ba tare da ƙamus a gefe ba, kuma yana da haƙurin zama da jimla ɗaya minti goma, zai ci ribar ajin nan, kuma ina ba shi shawarar ya fara da ƙananan wasannin masu koyo da jaridar Guardian take sakawa kyauta a intanet kafin ranar farko. Wanda yake neman gyaran Turancinsa ne kawai gara ya nemi wani aji. Na roƙi Malam da mai kantin su rage tarihi da hadda a zagaye na gaba, su fara Hausa tun Asabar ta uku. Kafin su amsa, mu huɗu muna haɗuwa a gidan Hajiya kowace Lahadi da la'asar, muna gina wasa na Hausa zalla mai gida 9 a tsaye 9 a kwance, kuma saura kusurwa ɗaya da muke neman mata kalma mai harafi biyar da ta fara da ɗ ta ƙare da i.