Gargaɗi kan masu sayar da sirrin faɗuwar farashi a cacar ƙwallo

Ana jan hankalin matasan Gombe, musamman masu cika gidajen kallon ƙwallo a Pantami, Bolari da Jekadafari, game da wasu mutane da ke buɗe zauruka a Telegram da WhatsApp suna karɓar kuɗi da sunan za su riƙa sanar da mutum duk lokacin da farashin caca, wato adadin da ake ninka kuɗin mutum da shi idan ya ci, ya fara faɗuwa. Abin da suke faɗa shi ne, idan farashin wata ƙungiya ya sauka kwatsam, to an sayar da wasan ne, kuma wai suna da na ciki a Turai da ke tsegunta musu kafin kowa ya ji. Sai a nemi mutum ya tura naira dubu biyar ko goma zuwa wani asusun OPay ko PalmPay domin a saka shi a zauren manya.

Damfarar tana cin mutane ne saboda akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Farashi yana motsi, babu shakka. Yakan sauka idan an ji babban ɗan wasa ya ji rauni, ko an fitar da jerin waɗanda za su fara wasa kimanin awa ɗaya kafin a take leda, ko kuma ƙwararrun masu caca sun zuba kuɗi mai yawa a ɓangare ɗaya. Amma kamfanonin caca suna gyara farashinsu da kwamfuta cikin daƙiƙoƙi, saboda haka kafin saƙo ya baro wayar mai zaure ya iso taka, an riga an yi rabo an watse. Wanda ya sa naira 1,000 lokacin da farashi yake 2.20 zai karɓi 2,200 idan ya ci, kai kuwa da ka shigo bayan ya koma 1.80 za ka karɓi 1,800, alhali haɗarin da kuka ɗauka iri ɗaya ne. A farashin 1.80 sai ka ci wasa 56 cikin 100 kafin ka mayar da uwar kuɗinka, ba a ma zo maganar abin da ka biya mai zaure ba. Shi kansa wannan motsi ba sirri ba ne, domin akwai shafukan intanet da ke nuna shi kyauta.

Hujjar da masu zaurukan suke nunawa ita ce hotunan tikitin da aka ci, kuma gyara irin wannan hoto ba ya ɗaukar minti biyar. Telegram yana ba mai zaure damar sauya saƙo ko goge shi bayan an tashi wasa. Dabarar da ta fi muni kuwa ita ce raba mutane gida biyu. A ce mai zaure yana da lambobi 800: rabi zai ce musu za a ci ƙwallo uku ko fiye, rabi ya ce musu ba za a kai uku ba. Dole mutum 400 su ga maganarsa ta tabbata. Ya sake raba su, saura 200, ya sake, saura 100 waɗanda sau uku a jere suka ga bai yi kuskure ba. Waɗannan ne za su rantse da shi, su jawo abokansu, su biya kuɗin babban wasa, daga nan kuma lambarsa ta daina shiga. Wasu ma suna tilasta a yi rajista da kamfanin caca ta mahaɗin intanet da suka bayar, domin akwai tsarin da ake ba su kamasho daga asarar duk wanda suka kawo, wato faɗuwarka ce ribarsu.

Gaskiya ne ana sayar da wasa, kuma mu a wannan yanki shaida ne. A watan Yulin 2013 a Bauchi aka buga wasannin neman hawa mataki inda Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Sai dai wanda yake da tabbacin sakamako ba zai tallata shi a kan dubu biyar ba, domin yawan masu sani shi ke karya farashi ya kuma tona asiri.

Abin da ke ba waɗannan mutane kariya shi ne kunya. Caca haramun ce da nassin aya ta 90 a suratul Ma'ida, don haka yaron da aka cuta ya gwammace ya haɗiye baƙin cikinsa da a ji a gida. Duk da haka, karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar yaƙi da damfara ta 2006, kuma hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a Gombe. Wanda abin ya faɗa wa ya adana hoton hirar da lambar asusun da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa a ranar, kada kuma ya saurari wanda zai biyo baya da cewa a biya shi ya ƙwato kuɗin, domin sau da yawa bakinsu ɗaya da na farkon.