Hattara da masu tallar "harsashin da ba ya cijewa" na bindigar .22

Jama'a masu wasan harbi, musamman waɗanda ba su daɗe da mallakar ƙaramar bindigar hannu mai ɗura kanta da ke cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR ba, akwai damfarar da ku ake nema da ita. Da zarar mutum ya yi kuka a intanet cewa bindigarsa tana cijewa, ko kwanso ba ya fita, ko harsashi ya ƙi tashi, sai wani ya biyo shi ta saƙon sirri. Zai ce ya san matsalar ciki da waje, kuma yana da harsashi na musamman da kowace bindiga ke ci ba gardama. Wani lokaci yakan haɗa da 'yan sifirin a leda, ya ce idan ka sa su an gama. Sai ya ce kayan sun kusa ƙarewa, a tura kuɗi yau.

Wannan alkawarin kansa shi ne shaidar ƙaryar. Babu harsashin .22 guda ɗaya da ke tafiya lafiya a kowace bindiga, kuma duk wanda ya ce ya san maganin bindigarka alhali bai taɓa riƙe ta ba, aljihunka yake kallo.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera harsashin. Tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da .22 LR, kuma har yau tsarinsa bai sauya ba. Sinadarin da ke kunna albarushi ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba, a cikin leɓen da ya zagaye gindin ake zuba shi. Ƙusar bindiga ta daki leɓen, ta matse shi, wuta ta tashi. Idan sinadarin bai zagaye leɓen daidai ba, ƙusar ta sauka a inda babu komai, sai ka ji ƙyas kawai. Shi ya sa sau da yawa harsashin da ya ƙi tashi, idan aka juya shi ƙusa ta sami wani gefen, sai ya tashi. Ga kuma kakin da ake shafa wa dalmar daga waje, wanda ke taruwa da toka a mazaunin harsashi ya zama danƙo. Harsashi ne mai datti tun asali, kuma masu harbi da shi sun yarda da hakan.

Ita kuma bindigar, babu abin da ke kulle sashenta na sama mai zamewa sai nauyinsa da ƙarfin sifirin. Turin da harsashi ya yi ne ke mayar da shi baya, ya jefar da kwanso, ya ɗauko sabo. Ƙarfin .22 kuwa kaɗan ne, babu rara. Harsashi mai matsakaicin gudu, irin Standard Velocity na kamfanin CCI, an rubuta masa ƙafa 1070 a daƙiƙa, CCI Mini-Mag mai dalma irin wannan nauyin kuma ƙafa 1235. Waɗannan lambobi daga dogon bututu aka auna su, a gajeren bututun bindigar hannu gudun ya fi haka ƙasa. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa wata bindiga ta yi aiki sumul, wata ta kasa jefar da kwanso. Bindigar Walther P22 an san ta da son harsashi mai gudu. Bindigogin gasa irin Smith & Wesson Model 41 kuwa yawancin masu su matsakaici suke ba su. Kai, ko bindigogi biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya sukan sha bamban a abin da suke so. To ina ɗan damfara ya samo harsashin da ya dace da dukkansu?

Kashi biyu ne masu wannan sana'a. Na farko ba su da kaya ko ɗaya. Sun yi yawa a 2020 da 2021, lokacin da harsashi ya yi ƙaranci a Amurka, shaguna suka zama wayam, sai ga shafukan bogi cike da hotunan kwalaye da aka sato daga shafukan dillalai na gaskiya, da farashin da ya fi na kowa sauƙi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ana gane su a wajen biya: ba sa karɓar hanyar da za ka iya neman a dawo maka da kuɗinka, sai kirifto, wato kuɗin intanet, ko katin kyauta, ko turawa kai tsaye kamar za ka aika wa ɗan uwa. Bayan ka biya sai a ce akwai kuɗin inshora, daga nan kuɗin takardar izini, daga nan a toshe ka. Ba sa tambayar shekarunka, ba sa tambayar lasisi, ba ruwansu da dokar inda kake. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin sauƙi, alhali dillali mai rajista ba ya tsallake tambayoyin da doka ta wajabta masa, kuma idan kayan sun zo ta bayan fage, kai ne hukuma za ta riƙe.

Kashi na biyu su ne suka fi ba ni tsoro, domin su suna aiko da kaya. Sukan sayi harsashi mai arha na buhu-buhu, ko tsohon da ya daɗe a wuri mai laima, su gauraya, su zuba a leda ko kwalin da suka buga wa suna mai daɗi. Wasu ma tsofaffin kwalayen sanannun kamfanonin harsashi irin Eley ko Lapua suke tarawa su cika da wani abu daban. Ka duba gindin kwanson: kowane kamfani yana da tambarinsa a wurin, na CCI harafin C ne, na Eley harafin E. Idan ka ga tambari iri-iri a kwali ɗaya, ko dalmar ta yi fari-fari, ko tana girgiɗi sosai a bakin kwanso, ko babu lambar rukunin da masana'anta ke bugawa a kwali, kada ka sa shi a bindigarka. Lambar nan ba ado ba ce, da ita kamfani ke kiran kaya idan an gano aibu, da ita kuma 'yan gasa ke sake sayen rukunin da ya dace da bindigarsu. Wanda ya ce maka shi da kansa yake sake ɗura kwanson .22 da aka riga aka harba, ka ƙara nisa da shi. Leɓen ya riga ya lotse, kuma ba aikin da ake yi a gida don sayarwa ba ne.

Haɗarin irin wannan kaya ya wuce asarar kuɗi. Harsashin da albarushinsa ya lalace yana iya tashi da rauni, dalmar ta tsaya a tsakiyar bututu. Idan ka bi ta da wani, bututun ya kumbura ko ya tsage a hannunka. Duk lokacin da ka ji ƙara ta yi sanyi ba kamar yadda ka saba ba, ka tsaya, ka cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, ka tabbatar babu komai a ciki, ka duba bututun. Idan kuma ka ja kunama ka ji shiru, ka bar bakin bindiga yana kallon abin hari na kamar daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, domin wani yakan yi jinkirin tashi.

Maganar sifirin ɗin leda kuwa, ba ta da tsawo. Ba ka san ƙarfinsu ba, shi ma mai sayarwar bai sani ba. Mai laushi yana sa sashen sama ya riƙa dukan jikin bindiga har ya ci ta, kuma taɓa sifirin ɗin kunama ba tare da sani ba yana iya sa bindiga ta tashi ba a so ba.

Abin haushi shi ne yawancin cijewar da ake damfarar mutane a kanta, maganinta yana hannunsu. A wanke mazaunin harsashi da burushi, a goge fuskar da gindin kwanso ke jingina, a tone dattin da ke ƙarƙashin ƙugiyar da ke zaro kwanso. Man da za a shafa mata ya zama kaɗan, domin idan ya yi yawa toka yake tarawa. Magazin ma ana wanke shi, kuma mutane da yawa ba su taɓa buɗe nasu ba. Wajen ɗura shi, leɓen kowane harsashi ya zauna a gaban na ƙasansa, in ba haka ba su sarƙe. Wanda ke da magazin fiye da ɗaya ya sa musu lamba, sau da yawa sai ka tarar ɗaya ne kawai ke kawo fitinar. Riƙo ma yana da tasiri: hannu mai sako-sako yana shanye turin da bindigar ke buƙata. Akwai kuma masu yawan jan kunama babu harsashi a ciki. A wasu bindigogin .22 ƙusar tana dukan gefen mazaunin harsashi har ta yi masa ƙaho, daga nan kwanso ya fara maƙalewa. Wannan aikin mai gyaran bindiga ne mai lasisi, ba harsashin da zai warkar da shi.

Bayan an yi waɗannan, sai a buɗe littafin da ya zo da bindigar a ga abin da kamfani ya yarda da shi, domin wasu sun hana irin CCI Stinger mai dogon kwanso a bindiga mai matsattsen mazauni. Sannan a sayi ƙananan kwalaye masu guda 50 daga kamfanoni daban-daban a wurin dillali mai rajista, a gwada su ɗaya bayan ɗaya da magazin guda, ana rubuta abin da ya faru. Wanda bindigar ta karɓa, shi za a saya da yawa. Idan har ta ƙi dukkansu, a nemi kamfanin da ya ƙera ta kai tsaye, a ba su lambar jikinta, su faɗi ko akwai sanarwar kiran kaya a kanta, kamar yadda kamfanin Ruger ya yi wa bindigarsa Mark IV a 2017.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi da sunan kuɗin sakin kaya. Ya adana saƙonnin da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin hukuma. Idan kaya sun iso kuma yana shakkarsu, kada ya harba, kada ya jefa a shara ko a wuta, ya tambayi masu kula da filin harbi ko 'yan sanda yadda ake miƙa su.