Man kaɗanyarmu a kantin maganin Winnipeg

Hunturun gida ƙura ce da iska, mutum ya shafa basilin ya kama gabansa. Na Kanada ba haka yake ba. A nan Winnipeg sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, amma abin da ke cinye fata yana cikin ɗaki. Hita tana aiki dare da rana, ta tsotse duk danshin iska, sai ka farka da asuba leɓe a tsage, hanci na haɓo, ƙwauri ya yi furu-furu. Ga alwala, ga aikina na kula da tsofaffi, inda wanke hannu ba ya ƙidayuwa. Gaɓoɓin yatsuna suka dare har jini na tsattsafowa, ruwa na taɓawa sai raɗaɗi.

Rannan na miƙa hannu zan tayar da wata tsohuwa, sai ta janye nata, ta ce hannuna yana kartar ta. A gaban abokan aiki ta faɗa. Wallahi na ji abin har cikin raina. Ana tashi na wuce kantin magani.

Matar da ke ba da magani ta bar mazauninta ta fito, ta juya hannuna gaba da baya, ta tambayi irin sabuluna da yadda nake wanka. Ta ce in daina wanka da ruwa mai tsananin zafi domin yana wanke maiƙon jiki, in riƙa shafa mai tun fata na da sauran laima, in guji mai turare, in ajiye na'urar fesa tururi a ɗakin kwana. Faso kuwa, a shafa mai sinadarin yuriya, a sa safa a kwana. Ko sisi ba ta karɓa ba a kan wannan bayani, kuma ba ta tura ni ga mafi tsada ba. Wane kemis ne a gida zai tsaya maka haka? Kana buɗe baki an miƙo maka wani haɗin da ba takarda a jikinsa.

Sai ta ɗauko wani ɗan gwangwani ta ce wannan yana da kyau ga hannu. Na karanta bayansa: man kaɗanya! Wanda kakata ke murza mana a tafin hannunta har ya narke, mu kuma muna gudu saboda wari. An tace shi, an cire warin, an zuba a gwangwanin da bai kai na tumatir ba, a kuɗin da zai cika mini kwano a kasuwar Bida.

Tun daga ranar abin ke damuna. Kamfanin L'Occitane na Faransa ya daɗe yana sayen man daga hannun matan Burkina Faso yana sayar wa duniya. Najeriya ce kan gaba wajen yawan ƙwallon kaɗanya, Jihar Neja cike take da itatuwan, amma yawanci ɗanye muka riƙa fitarwa, shi ya sa a watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ƙwallon na wata shida. Mu kuma mata mun raina shi, wai man ƙauye ne. Yarinya za ta zuba kuɗinta a man bilicin, fata ta yi sirara, hunturu ya zo ya yayyaga ta, alhali mai tallan man kaɗe na wucewa ta ƙofar gidansu.

A shagunan 'yan Afirka da ke nan ana samun ɗanyensa, galibi na Gana, kuma shi nake shafawa yanzu bayan kowace alwala. Hannuna ya warke. Duk da haka wanda zai taho daga gida kafin sanyi mai zuwa, don Allah ya riƙo mini na Bida, a ɗaure shi da kyau a jakar kaya kada ya narke a hanya.