Sharhi a kan gwajin halayya da na biya kuɗi na yi a intanet

Wata uku ke nan da na biya kuɗi na yi wani gwajin halayya a intanet, irin wanda ke iƙirarin nuna wa mutum hanyar da ƙwaƙwalwarsa ta fi bi wajen ɗaukar bayani da yanke hukunci, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi har sai da zumuɗin farko ya kwanta. Abin da na saya kashi uku ne: jerin tambayoyi, da dogon rahoto da aka aiko mini ta imel, da hirar sa'a ɗaya ta bidiyo da wata mai ba da shawara. Ba zan ambaci sunan shafin ba, domin irinsa suna da yawa kuma kusan duk rijiya ɗaya suke sha.

Saɓani da yayana ne ya kai ni. Mun je duba wani shago da muke son kamawa haya a bayan gari, muka shafe kusan rabin sa'a a wurin. Shi yana ciki yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa mitar wuta, har ya fita ya tsuguna yana duba inda kwata ta nufa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon sabon titin da ake shimfiɗawa da makarantar da ake ginawa a tsallake, ina lissafin yawan masu sayayyar da za su riƙa wucewa nan da shekara uku. Da muka shiga mota na ce wuri ya yi, sai ya dube ni ya ce, "Kai, ka ga shatin ruwa a bangon nan kuwa? Ya kai taƙi biyu daga ƙasa." Na ce, "Wallahi Yaya ban gani ba." Ya ce, "To me ka je dubawa?" Shekaru da dama ina yi masa kallon mai kashe wa mutum gwiwa, shi kuma yana yi mini kallon mai gina gida a iska, alhali ɗaki ɗaya muka shiga da idanu iri ɗaya.

Tushen irin wannan gwaji yana komawa ga Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda a littafinsa na 1921 ya kasa aikin hankali gida huɗu. Biyu na ɗaukar bayani ne, wato lura da abin da gaɓɓai suka riska a zahiri, da kuma hange, wanda ke tsallake abin da ke gaban ido ya kama ma'anarsa ko inda ya dosa. Sauran biyun na yanke hukunci ne: auna abu da hujja da ƙa'ida, ko auna shi da darajarsa a zuciya da tasirinsa a kan mutane. Kowanne daga cikin huɗun, a cewarsa, yana iya karkata ciki ko ya karkata waje, sai suka zama takwas. Daga baya wasu Amurkawa biyu, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, waɗanda babu wadda ta yi karatun ilimin halayyar ɗan'adam a jami'a, suka mayar da wannan ra'ayi tambayoyi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, suka ƙara ma'auni na huɗu, wato ko mutum ya fi karkata ga yanke hukunci ko ga ɗaukar bayani, a kan ukun da suka ɗauko daga Jung (ciki ko waje, lura ko hange, hujja ko zuciya), aka sami nau'i 16 masu haruffa huɗu-huɗu na gwajin Myers-Briggs da aka sani da MBTI, wanda aka buga littafin jagorarsa a 1962. Shafin da na yi amfani da shi ba na kamfanin da ke da MBTI ba ne, amma da haruffansu yake aiki.

Sakamakona na farko ya ce ni INFP ne, wato I na karkata ciki, N na hange, F na auna abu da zuciya, P na ɗaukar bayani. Rahoton ya jera mini hanyoyi huɗu bisa ƙarfinsu: wadda ke jan ragama ita ce auna abu da zuciya mai karkata ciki, mataimakiyarta hange mai karkata waje, sannan lura, sannan hujja a can ƙarshe. Babin da ya bambanta mai lura da mai hange shi ne ya biya ni kuɗina, kuma ban faɗi haka don kara ba. Ya bayyana cewa mai lura yana fara tattara abin da ke nan ne, yana gwama shi da abin da ya taɓa gani, kuma ba ya yarda da ma'ana sai ta tsaya a kan shaida. Mai hange kuwa da zarar ya ga abu biyu ko uku ya riga ya haɗa labari, har sauran bayanan su zame masa surutu. Ina karantawa ina ganin shatin ruwan nan. Yaya bai ƙi titin ba, tunawa ya yi da daminar da ruwa ya shiga shagon mahaifinmu ya lalata buhunan sukari, ni kuma ban raina bangon ba, idona ne bai sauka a kansa ba sam. Samun kalmomin da zan kira wannan bambanci da su, ba tare da na ce ɗayanmu ya fi ɗaya hankali ba, abu ne da ban samu a wani wuri ba.

Tambayoyin kansu sun ba ni wahala, ba don Turancin kawai ba. An rubuta su ne ga mutumin da zuwa taro zaɓi ne a gare shi. Ana tambayata ko ina yawan halartar tarukan jama'a, alhali a wurinmu suna da ɗaurin aure da ta'aziyya hakkin zumunci ne, ko ranka yana so ko ba ya so. Ana tambayata ko nakan gaya wa mutum kai tsaye cewa ya yi kuskure, ba a ce wane mutum ba. Ɗalibina zan gaya masa, amma kawuna ko surukina ko da wasa ba zan yi ba, kuma wannan kunya ce da tarbiyya, ba shaida ce a kan yadda ƙwaƙwalwata ke auna hujja ba. Sau da yawa na rasa ko in amsa da abin da nake aikatawa ko da abin da zuciyata ta fi so, gwajin kuma bai ba ni hanyar rarrabewa ba.

Bayan mako shida na sake yin gwajin, tun da kuɗin da na biya ya ba ni damar maimaitawa, sai na fito INFJ, wato J na yanke hukunci ya maye gurbin P. Harafi ɗaya ne ya canza, mai karatu zai ce ƙaramin abu ne, amma a tsarin da rahoton ke bi wannan harafin shi ke juya komai: INFJ hange mai karkata ciki ne ke jan ragamarsa, kuma a cikin hanyoyinsa huɗu babu ko ɗaya da ta yi daidai da ta INFP idan aka duba inda kowacce ta karkata. Ke nan amsoshi kaɗan da na sauya, wataƙila don na yi gwajin na biyu da safe bayan na yi barci mai kyau, sun ba ni wata ƙwaƙwalwa dabam. Wannan matsala sananniya ce a wurin masana. Yawancin mutane makinsu a tsakiyar ma'auni yake taruwa, sai a ja layi a tsakiyar a ce na dama jinsi ɗaya ne, na hagu wani jinsi. Masu binciken halayya Robert McCrae da Paul Costa sun nuna a 1989 cewa ma'aunan MBTI huɗu suna da alaƙa da huɗu daga cikin manyan siffofi biyar da masu bincike suka fi amincewa da su, amma ba su sami hujjar cewa mutane sun rabu gida-gida ba. Wato bambancin da ke tsakanina da Yaya na gaske ne, sai dai na daraja-daraja ne, kamar tsawo, ba kamar rukunin jini ba.

Hirar bidiyon ce ta fi ba ni takaici. Matar tana da ladabi da haƙurin sauraro, amma da na ba ta labarin shagon, nan take ta yanke cewa yayana ISTJ ne, wato mai lura (S) da hujja (T), mutumin da ba ta taɓa gani ba kuma bai amsa tambaya ko ɗaya ba. Da na kawo maganar canjin sakamakona, sai ta ce in karanta bayanan biyu in zaɓi wanda ya fi kama da ni. Na karanta, na ga kaina a duka biyun, na ƙara da na wani nau'i na uku, nan ma na ga kaina. Wannan ya tuna mini da gwajin da masanin halayya Bertram Forer ya yi a 1948, inda ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya sak a matsayin sakamakon kowa na kansa, suka ba shi makin dacewa sama da 4 cikin 5. Jimla irin "kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba" babu wanda zai ji ta ya ce ba da shi ake ba, kuma rahotona cike yake da irinta.

Wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa shi da matarsa ko abokin kasuwancinsa suke fita daga ɗaki ɗaya da labari biyu zai ƙaru da babin lura da hange, kuma zai iya samun wannan bayani kyauta ba sai ya biya da dala ba. Hirar ban ga dalilin sayenta ba. Amfani da haruffan wajen zaɓen abokin aure ko ɗaukar ma'aikaci kuwa ganganci ne, domin su kansu masu MBTI sun ce kada a tantance masu neman aiki da shi.

Na roƙi Yaya ya yi gwajin don mu gwada maganar matar, ya ce shi ba kwamfuta ce za ta gaya masa halinsa ba. Shagon dai mun kama shi, bayan ya sa mai shagon ya ɗaga daɓe ya kuma gyara kwata kafin mu biya ko kwabo. Titin ya kusa ƙarewa, damina kuma ba ta faɗi ba tukuna.